Tamfol a Gindin Riɗi

A shekarar da aka kai mu ziyarar karatu Maigatari, Babana bai sake kwana a ɗaki ba tun ranar da aka yanke riɗi. A gona yake wuni, a gona yake kwana, daga shi sai wata gora mai kan ƙarfe da ya gada a wajen kakana. Wanda bai san riɗi ba zai ce abin ya yi yawa. Riɗi in an yanke shi ba gida ake kawo shi ba. Ɗaure shi ake yi dami-dami, a jingina su da juna a tsaye kamar bukka, a bar shi a gona har ya bushe kwansonsa ya buɗe baki. Daga nan aiki ya ƙare: ka shimfiɗa tamfol, ka kifa dami, ka kakkaɓe, wahalar damina guda ta zubo a gabanka. Ɓarayi ma sun san haka. Da mota suke zuwa, su tsaya a bakin hanya, su shimfiɗa nasu tamfol ɗin, kafin mai gona ya dawo daga masallaci sun kakkaɓe masa shekararsa sun bar masa kara.

A ƙauyenmu, can gefen Gagarawa, an kama ɓarawo ɗaya a wannan kakar. Ban ga kamun ba, ina Gumel gidan kawuna ina karatun sakandare, amma da na je gida ranar Asabar na ga wurin. An zuba ƙasa a kan jinin, kaji suna tonawa. Na tambayi Baba ko mutumin ya rayu, ya ce, "Ci tuwonka." Inna ce ta gaya mini daga baya cewa a amalanke aka ɗauke shi, hannunsa ɗaya yana lilo kamar ba a jikinsa yake ba. Ban ji tausayinsa ko kaɗan ba. Na ma ce Allah ya ƙara, don na san yadda bayan Baba yake ciwo kafin riɗin nan ya kai ga yanka.

Wanda ya haɗa tafiyar malaminmu ne na labarin ƙasa, wani ɗan siriri mai tabarau, wanda in ka gan shi a kan tsohon babur ɗinsa sai ka rasa wa ke ɗauke da wani. Cutarsa ɗaya ce a duniya, tafiya. Ba ya gama darasi bai ce mana tafiya mabuɗin ilimi ba, har muka riƙa riga shi faɗa muna dariya. Shi kuwa ko a jikinsa.

"Kullum kuna zana iyakar Najeriya da jan biro," in ji shi, "ga ta nan a bayan gidanku, ba wanda ya taɓa ganinta da idonsa. Ku ko kunya ba kwa ji?"

Ya sha fama da shugaban makaranta, ya sha fama da iyaye, har kowa ya gaji ya amince. Babana kaɗai ya ce ba inda za ni. Sai Malam ya ɗora ni a bayan babur ɗin nan muka tafi har gona. Muka sami Baba zaune a inuwar riɗinsa, gorar tana kwance a cinyarsa.

"Malam, kaka ce," in ji Baba bayan sun gaisa. "Mutane a tsorace suke, mai tsoro kuwa ya fi mahaukaci haɗari. Ka bari a kai amfani gida, sai ku tafi ko Agadas ne."

"Baba, kafin a kai amfani gida jarrabawa ta zo. Ka ba ni shi amana. Yadda na ɗauke shi, haka zan dawo maka da shi."

Baba ya dube shi. Sannan ya nuna ni da haɓa. "To duba shi da kyau. Da ido biyu na ba ka shi, da hannu biyu, da ƙafa biyu."

Malam ya yi dariya ya gyara tabarau. "Na duba, Baba."

Ranar Alhamis muka tashi, ranar kasuwar Maigatari. Makarantarmu ba ta da mota, don haka doguwar bas aka ɗauko daga tasha, fara ce a zamanin da, ba rubutun komai a jikinta. 'Yan mata suna gaba tare da malamarsu, cikin fararen hijabansu na makaranta. Mu maza muna baya, kuma mun riga mun ƙulla tamu. Kowa ya ɓoyo kayan gida a jaka, muna fita Gumel muka tuɓe na makaranta muka saka. Wa zai shiga kasuwar da ake zuwa daga ƙasashe a gan shi da rigar 'yan makaranta? Malam ya waiwayo ya gan mu, ya girgiza kai ya ce, "Samarin banza," ya ƙyale mu.

Ba zan ci amanar ranar ba: da safe ta yi daɗi, kuma na koyi abin da ba a taɓa koya mini a aji ba. Ni a zatona iyaka katanga ce, ko aƙalla wani layi da za ka gani a ƙasa. Sai na tarar da ƙarfe a gicciye a kan hanya, ga wani jaki ya bi ta gefensa ya shige wata ƙasa ba wanda ya ce masa kanzil. Karan geron can da na nan duk ɗaya. Wani dattijo daga Damagaram ya tsaya ya dube mu ya ce, "'Yan lakwal ne? Allah ya ba da sa'a," Malam ya ce mana makaranta ke nan a bakinsu. Muka leƙa manyan rumbunan yankin ciniki daga bakin ƙofa, sannan muka shiga kara, wato inda ake cinikin dabbobi.

A nan na fara ganin raƙumi kusa da kusa, na kuma ga yadda ake loda shanu a babbar mota. Wani farin bijimi ya ƙi hawa. Suka ja da igiya, suka zuba masa sanda a gadon baya, ya kafe. Sai wani ƙato ya kama wutsiyarsa ya naɗe a hannu ya murɗe har muka ji ƙas. Bijimin ya yi wani kuka ya afka cikin motar da gwiwa, ƙahonsa ya yage cikin bijimin da ke gabansa. 'Yan mata suka rufe fuska.

"Ku buɗe ido ku kalla," in ji Malam. "Naman da ake ci a Legas daga nan yake tashi, kuma haka yake tashi. Littafinku bai faɗa muku wannan ba."

Da za mu dawo ya ce ba za mu maimaita hanya ba, ta wajen Sule Tankarkar za mu zagaya ya nuna mana yadda yashi ke cin gonaki. Muka yi ta tsayawa yana nune-nune har azahar ta nemi wucewa. Direba ya hango wata tsamiya mai inuwa a bakin wata gona ya tsaya. Malama ta kwashi 'yan mata da butocinsu suka bi ta bayan wani tudun yashi don su kama ruwa inda ba idon maza. Ƙasan tsamiyar duk ƙaya ce, sai direba ya hau kan mota ya sauko da babban tamfol ɗinsa ya ce mu shimfiɗa mu yi salla a kai. Muka kama baki-baki muka baza shi. Gefensa ɗaya ya kai har gindin riɗin mai gonar, wanda ke tsaye dami-dami ya bushe sarai.

Yawancinmu 'ya'yan manoma ne. Ubannin da yawa daga cikinmu a wannan lokacin suna zaune a gonakinsu da gora, suna jiran mota irin wannan da tamfol irin wannan. Amma ba wanda abin ya faɗo wa a rai, don mu a wajenmu 'yan makaranta ne da suka tsaya salla. Ba wanda ke kallon kansa daga nesa.

Kuma akwai al'adar da muka tashi a cikinta: mai wucewa yana iya ɗiban abin da zai sa a baki daga gonar kowa, gyaɗa ce ko wake ko yalo. Abin da ya shiga baki ba sata ba ne, sai wanda ya shiga buhu. Na karkato dami ɗaya na tara tafin hannu, riɗi ya zubo, na watsa a baki, na zuba sauran a aljihun gaban rigata. Wasu ma suka yi haka. 'Ya'yan riɗi suka warwatsu a kan tamfol.

Ihun daga nesa ya fara, murya ɗaya. "Ɓarayi!" Wata ta karɓa ta gabas, wata ta kudu. Na san ihun nan, da shi aka raine ni, har na juya ina neman inda ɓarayin suke. Sai na ga mutane suna fitowa daga cikin karan dawa ta ko'ina, da gora, da adda, da fartanya, kuma duk wajenmu suka nufo.

Malam yana tsakiyar alwala, ƙafarsa ɗaya a jiƙe. Ya miƙe ya ɗaga hannu biyu yana tafiya wajensu yana sallama, yana cewa ɗalibai ne daga Gumel. Ko ni da nake kusa da shi da ƙyar na ji abin da yake faɗa. Na farkonsu ya ture shi da kafaɗa ya wuce. Direba ya ruga ya shiga mota, dutse ya riga shi, gilashin gaba ya zube masa a cinya. Suka jawo shi ta taga, suka buga bakinsa da ƙofa. Abokaina suka watse cikin gonaki, gudun ya ƙara tabbatar wa mutanen abin da suke zato, aka bi su da jifa. Na ga wanda muke zama benci ɗaya ya faɗi, wani ya taka masa hannu ya ɗaga fartanya ya sauke masa ƙotarta a haƙarƙari.

Ni ban yi nisa ba. Ƙafata ta harɗe a bakin tamfol na kife. Wani ya ɗago ni da wuyan riga, aljihun ya yage, riɗi ya zubo a gaban kowa.

"Ga shi nan a aljihunsa," in ji shi.

Bugun farko a kafaɗa ya same ni, na ji hannuna ya mutu har yatsu. Na biyu a ƙeya. Ƙasa ta taso ta bugi fuskata, bakina ya cika da yashi da jini da riɗin da ban gama taunawa ba. Ina so in ce ni ɗan manomi ne, in faɗi sunan ƙauyenmu, in ce Babana ma yana can yana gadin nasa, amma duk lokacin da na buɗe baki sai ƙafa ta shiga cikina. Na ji wani yana cewa a zuƙo fetur daga motar. Na ji wani ya ce a bari tukuna a karya ƙafafun.

Da na juyo na ga wanda ya buge ni a ƙeya tsaye a kaina. Dattijo ne mai furfura a gemu, rigarsa ta yage a hammata, ƙafafunsa duk faso. Gorarsa ma mai kan ƙarfe ce. Ban taɓa ganinsa ba, amma na san shi sarai, har warin zufarsa na sani. Idonsa ja ne na wanda ya daɗe bai yi barci ba. Ya ɗaga gorar da hannu biyu yana auna fuskata.

A nan Malam ya faɗo a kaina. Ban san ta inda ya ratso ba. Mutum ne da ko buhun gero ba zai iya ɗagawa ba, amma ya lulluɓe ni kamar kaza da ɗanta, ya tura kaina ƙarƙashin ƙirjinsa, ya sa tafin hannunsa ya rufe mini ido. Gorar ta sauka a bayansa. Na ji ta ta cikin jikinsa, kamar ana buga turmi a ɗakin da ke kusa. Suka ja shi ta ƙafa, bai sake ni ba. Suka buga yatsunsa, bai ɗauke hannun ba. Bakinsa yana daidai kunnena, duk bugu sai numfashinsa ya yanke ya dawo.

"Kada ka ɗago," yake cewa. "Kada ka ɗago, amana ne kai."

Sai ya ɗaga kansa, ina jin don ya sake yi musu magana. Na ji ƙarar da ba irin ta sauran ba, ƙarfe a kan gilashi da ƙashi. Jikinsa ya saki, ya yi nauyi, wani abu mai ɗumi ya gangaro ya cika mini kunne. Hannun nan dai yana kan idona.

Abin da ya cece mu ba magana ba ce. 'Yan mata ne suka ɓullo daga bayan tudun da gudu, cikin fararen hijabai masu tambarin makaranta, kowace da buta a hannu. Malama tana gaba ba takalmi. Ta ratsa tsakiyar mazan nan ta tsaya a kanmu ta ware hannuwa.

"Ku gama da su ku zo kanmu," in ji ta. "Ga sauran ɓarayin nan mun kawo muku."

Ɓarawon riɗi ba ya zuwa da aji guda na 'yan mata da butoci. Ko mahaukaci ya san wannan. Sanduna suka tsaya a sama, sannan suka sauko a hankali. Wurin ya yi tsit, sai kukan wanda aka buga a haƙarƙari. Wata ɗaliba ta durƙusa ta juyo da Malam ta zuba masa ruwan butarta a fuska. Da jinin ya wanke muka ga abin da ya rage. Tabarau ya nutse a cikin idonsa na hagu.

Dattijon ya saki gorar. Ya dubi tamfol, ya dubi takalman da muka jera a bakinsa don salla, ya dubi butar Malam da ke kife. Sai ya zauna daɓas a ƙasa yana salati.

"Makon jiya aka kakkaɓe mini gona guda," ya ce, ba da kowa yake ba. "Mota irin wannan. Tamfol irin wannan."

Shi ya ɗauke ni ya sa a mota. Hannun da ya fasa mini kai shi ya tallafe mini ƙeya, yana kuka yana cewa, "Sannu ɗana, sannu." Na tofa masa jini a riga, kuma har yau ban yi nadama ba. Na tsane shi a ranar, na daɗe ina tsanarsa. Abin da ya hana tsanar ta zauna mini daidai shi ne duk lokacin da na tuno fuskarsa sai ta rikiɗe ta koma wata fuskar da na fi sani.

Direba ya tuƙa mu zuwa asibiti a Gumel ba gilashi, yana tofar da haƙori ta taga. Ba wanda ya mutu. An ɗinke mini kai, an ɗaure mini kafaɗa. Malam aka daɗe a kansa, da aka fito da shi an naɗe rabin fuskarsa, aka kwantar da shi a gadon da ke kusa da nawa. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce idon ya tafi.

Washegari da hantsi Baba ya iso. Daga gona aka kira shi, bai ko biya gida ba, da gorarsa a hannu ya shigo. Ma'aikaciyar jinya ta ce, "Baba, nan ba a shigowa da sanda." Ya koma ya jingine ta a bakin ƙofa. Ya zo kaina bai ce sannu ba. Ya ɗaga hannuna na dama ya ajiye, ya taɓa na hagu, ya yaye mayafi ya dubi ƙafafuna. Sannan ya kama haɓata ya juya fuskata wajen taga ya leƙa idanuna ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, ga amanarka," in ji Malam daga gadonsa. Muryarsa da ƙyar take fita. "An ɗan taɓa ta, ka yi haƙuri. Amma ka duba, ina jin komai ya cika."

Baba ya juya ya dube shi.

"Ya cika, Malam," ya ce. "Naka ne bai cika ba."

"Ɗayan ya ishe ni kallon taswira."

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya zauna a bakin gadona ya ce in gaya masa yadda aka yi, kada in rage komai. Na gaya masa: motar da ba rubutu, kayan gida, tsamiya, tamfol, riɗin aljihu. Da na zo kan tamfol ya runtse ido. Na jira faɗa, na jira ya ce wa Malam ai na gaya maka. Bai ce ba. Ni kuwa akwai tambayar da ta kwana tana cina fiye da ɗinkin da ke kaina.

"Baba, da a gonarka muka tsaya fa?"

Ya dubi tafin hannunsa. Babana bai taɓa yi mini ƙarya ba, ranar ma na so ya yi.

"Da ban tsaya tambaya ba," ya ce.

Ya miƙe ya je gadon Malam. Ban taɓa ganin Baba ya durƙusa wa sa'an ɗan cikinsa ba, amma ya durƙusa, ya kama hannun nan mai kumburarrun yatsu ya riƙe. Da ya tashi ya ce mini Inna tana hanya da kunu, shi zai koma, ba kowa a gona.

Ina kallonsa ya fita. Ya wuce gorar a bakin ƙofa kamar bai gan ta ba, har na ji takunsa ya yi nisa a baranda. Sai takun ya tsaya. Can ya dawo, bai leƙo ɗakin ba, hannunsa kawai na gani ya miƙo ya ɗauke ta. Riɗinmu yana tsaye a gona, ba a kakkaɓe ba tukuna.